Biri mai guntun bindi da burodin da na jefa masa

1/ Jiya wani ya ɗora bidiyon wasu Turawa da suka kwana a daji, beyar ta farke musu jakar abinci, mutane na ta dariya a ƙasa. Ni dai dariyar ta ƙi zuwa. Ya tuna min da kwana biyun da na yi a fadamar Haɗeja hunturun bara, da wani biri da har yau nake tunawa. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Mu huɗu ne: ni, ƙanena, da abokaina biyu da muka yi makaranta tare. Ɗayansu ɗan Kano ne, bai taɓa kwana inda babu katanga ba. Ni haifaffen Haɗeja ne, amma in faɗi gaskiya, fadamar nan a bakin 'yan kasuwar kifi na santa. Ƙafata ba ta taɓa shiga cikinta sosai ba.

3/ Ga wanda bai san wurin ba: ruwan Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. In ya wuce garinmu sai ya bazu, ya rabu rassa-rassa, ya yi tafkuna da fadamu har wajen Nguru. Can gaba ya haɗu da na Jama'are, su nufi Tafkin Chadi tare.

4/ Da hunturu tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su sauka nan, su tarar da namu na gida: kirinjijiya, dinya, zalɓe, belbela. Saboda su aka sa dausayin Baturiya, da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, a jerin wuraren Ramsar a 2008. Su muka je gani. To, da kuma ɗaukar hotunan da za mu yi yanga da su.

5/ Kafin tafiya na ƙona data ba kaɗan ba a YouTube, ina kallon yadda ake kwana a daji. Kusan duk bidiyon 'yan Amurka ne da Kanada, kuma duk magana ɗaya suke nanatawa: beyar. Wata ƙatuwar dabba ce mai gashi da ƙarfin tsiya, hancinta na jiyo ƙanshin abinci daga nesa.

6/ Dabararsu ita ce a zuba abinci a jaka, a jefa igiya kan reshe, a ja jakar sama kamar mita 4 daga ƙasa, ta kuma yi nesa da jikin bishiyar kamar mita 2. Na haddace tsaf. Har igiya sabuwa na saya. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko akwai beyar a Jigawa. A dajin Afirka kaf babu ita.

7/ Muka hau babura daga gari, inda hanya ta ƙare muka taka da ƙafa. Ba cikin gandun muka shiga ba, gefensa muka tsaya. Mun fara zuwa gaida mai gari, shi ya haɗa mu da wani dattijo masunci da ke da bukka a bakin ruwa, ya ce mu kafa tantinmu kusa da shi. Baba kawai muke ce masa.

8/ Guzurinmu kuwa kamar za mu buɗe shago: burodi, Indomie, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, suga, madarar gari, kilishi. Duk a leda, ledojin a cikin jakar goyo guda. Baba ya kalli kayan, ya kalle mu, ya ce, "Samari, sati nawa za ku yi?" Muka ce kwana biyu. Bai ƙara komai ba.

9/ Wajen la'asar sai ga jan biri, garke guda, can nesa tsakanin goruba. In ba ku taɓa ganinsu ba, dogayen ƙafafu gare su kamar karen farauta, a ƙasa suka fi yawo, kuma duk cikin birai babu mai gudunsu. Babban namijin ya hau kan suri yana gadi, mata da 'ya'ya na tsince-tsince.

10/ Akwai wani matashi a cikinsu mai guntun bindi, ko tarko ne ya cinye rabin, ko kare, oho. Shi ya fi sauran matsowa. Na gutsuri burodi na jefa. Ya yi tsalle baya, ya dawo, ya ɗauka, ya shinshina, ya cinye. Na ce wa ƙanena, "Kunna kyamara!" Na sake jefawa, wannan karon kusa.

11/ Sau biyar na jefa. A na ƙarshe tsakanina da shi bai fi taku shida ba. Ina kallon idonsa, shi kuma ledar da ke hannuna yake kallo. A lokacin ban lura da wannan ba, sai daga baya da na sake kallon bidiyon. Bai damu da ni ba sam. Ledar yake haddacewa.

12/ Baba ya dawo daga duba komarsa ya tarar da mu muna shewa. Ya ce, "Wa ya ba shi?" Na ce, "Ni ne, Baba, ai ɗan burodi ne kawai." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, kai gobe ko jibi ka tafi. Shi yana nan, ni ma ina nan." Na yi dariyar yaƙe, na ɗauka mitar tsofaffi ce.

13/ Da magariba na fito da igiyata. Akwai wata giyayya babba a bayan tanti. Sau bakwai ina jifa kafin igiyar ta haye reshe, ɗan Kano na ta tsokana ta. Na ja jakar sama, na ɗaure, na ja baya ina kallon aikina kamar wanda ya gama gina bene.

14/ Baba ya leƙo ya ce, "Me ke nan?" Na yi masa bayani dalla-dalla, har da mita 4 da mita 2. Ya ce, "Wannan dabbar taku ta Turawa ba ta hawa bishiya?" Na ce wasu na hawa, shi ya sa ake nesanta jakar da gindin. Ya ce, "To mu namu a kan bishiyar suke kwana. Kun ba kura ajiyar nama."

15/ Muka ƙi ji. Baba ya ba mu karfasa huɗu, muka gyara su nan bakin tanti, muka watsar da kayan ciki da ɓawo a gefe. Muka gasa, muka ci, muka bar tukunyar Indomie ba wanki, wai sai da safe. Ƙanena kuma ya ɓoye ragowar burodi da suga a ƙarƙashin matashinsa, don shayin asuba.

16/ Wajen ƙarfe biyun dare na ji ƙarar tukunya ana jan ta a ƙasa. Ɗan Kano ya damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Na haska tocila ta ƙofar tanti: ido biyu na ƙyalli. Dila ne. Ya tsaya ya kalle mu kamar mu ne baƙin da suka shigo masa gida, sannan ya juya ya shige duhu.

17/ Dila ba ya neman mutum da faɗa, amma yana cikin dabbobin da ke iya ɗauke da cutar haukan kare. Cizo ɗaya a wurin da asibiti ke da nisa ba wasa ba ne. Kuma mu muka kira shi. Kayan cikin kifin nan da muka watsar, su ne katin gayyatar.

18/ Da asuba ƙanena ya ɗaga matashi. Ɓera ya huda tantin ta ƙasa, ya huda ledar, ya ci burodin ta tsakiya, ya bar kashinsa a kai. Sugan kuma kiyashi sun mai da shi gari guda. Ƙanena ya ce a yanke inda ɓeran ya taɓa a ci sauran. Na kusa yarda, wallahi.

19/ Abokinmu na biyu, wanda ke karatun aikin jinya, shi ya hana. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci. A garin Lassa na jihar Borno aka fara gano shi a 1969, kuma da rani ya fi tashi, daidai lokacin da muke wurin. Muka jefa burodin a wuta.

20/ Jakar sama dai tana nan lafiya, sai na samu bakin magana. Na ce, "Baba, kun gani ko? Dabarar Bature ta yi aiki." Ya ce, "Biri ba ya yawon dare." Muka shiga kwale-kwalensa gaba ɗaya, har karensa, shi zai ɗaga koma, mu mu ga tsuntsaye. Sansani ya zama babu kowa.

21/ Safiyar nan ba zan manta da ita ba. Hazo a kan ruwa, sanyi na shiga ƙashi, kirinjijiya na tashi ɗaruruwa suna wannan fito nasu. Baba na tura jirgi da gora ta wata siririyar hanya da suka sare a cikin kacala, ciyawar nan da ta toshe magudanan ruwa da yawa a yankin.

22/ Yana tuƙi yana ba mu labari. Ya ce da yana yaro ambaliya ta fi haka faɗi, kifi ya fi haka yawa. Lissafin ya yi daidai da abin da aka sani: an gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, tun daga nan zuwan ruwa ya sauya. Gonakin rani kuma kullum ƙara cin dajin suke.

23/ Ya ce shi ya sa birai suka matso. Inda suke tsintar ƙaro da 'ya'yan itace da fara, yanzu barkono ne da albasa. Amma duk da haka suna tsoron mutum, kuma wannan tsoron shi ke raba su da mutane lafiya. Yana faɗa yana kallon ruwa. Ni na san da wa yake.

24/ Hantsi muka dawo. Tun daga nesa muka hango hankaki na shawagi a kan sansanin. Igiyata na nan tana lilo, jakar na ƙasa a yage. Biri bai sha wata wahala ba: ya bi reshen, ya jawo igiyar da hannu kamar mai jan guga. Dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, garin kwaki, duk an yi biki da su.

25/ Da a nan abin ya tsaya, da labarin dariya nake ba ku. Amma da suka gama da namu sai suka wuce bukkar Baba, inda ba su taɓa shiga ba. Suna neman leda. Suka farke buhun geronsa, suka kifar da kwandunan bandar kifi biyu da ya jera zai kai kasuwar Haɗeja.

26/ Biri bai damu da banda ba, watsar da ita kawai suka yi. Hankaki da wani guza suka ƙarasa aikin, sauran ta cuɗe da yashi da toka. Tarwaɗa ce ta kwana da kwanaki: kamu, gyara, itace, hayaƙi, tashin dare ana juyawa. Baba ya tsuguna yana tsince masu kyau ɗaya bayan ɗaya yana hurewa.

27/ Mai guntun bindi na zaune kan goruba, bai gudu ba. Sauran garken sun yi nisa, shi yana nan da ledar dabino a hannu. Baba ya ɗaga kai ya kalle shi, ya ce, "Wannan ya riga ya lalace." Ban gane nauyin maganar ba a ranar.

28/ Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, laifina ne, za mu biya." Ya ce, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku zo in nuna muku yadda ake ajiya, tunda sauran ku kwana ɗaya." Babu zagi, babu tsawa. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

29/ Ga abin da ya koya mana, na rubuta don mai niyyar zuwa. Na farko, mazubi. Leda da jakar yadi ba ajiya ba ne. Shi tsohon bokitin fenti yake amfani da shi, mai murfin da ke kamawa gam, ya ɗaure da igiya a gicciye, ya ɗora dutse. In da akwatin ƙarfe, ya fi.

30/ Na biyu, wuri. Da dare bokitin na kwana cikin kwale-kwale, an ɗaure shi ɗan nesa da gaɓa. Dila da ɓera da kiyashi ba su kai nan. Guza na iyo, shi ya sa murfin ya zama dole. Ranar ma don ya saba biri ba ya zuwa bukkarsa ne ya bar banda da gero a fili.

31/ Na uku, abin da dole sai an rataya, kamar kifin da bai gama bushewa ba, yana huda tsohon murfin kwano ya zura igiyar ta tsakiya. Ɓera in ya biyo igiya ya iso murfin, sai ya zame. Ƙafafun ragar banda kuma yana zagaye su da toka saboda kiyashi da tururuwa.

32/ Na huɗu, inda ake gyaran kifi da girki daban, inda ake kwana daban. Ya kai mu can ƙasa, ta inda iska ke kwashe ƙanshi ta yi gaba da shi. Kayan ciki a haƙa rami a binne. Tukunya a wanke kafin a kwanta. Cikin tanti ko ƙwayar dabino kada ta kwana.

33/ Na biyar, da rana kada a bar sansani babu mutum ko kare. Na shida shi ne wanda na riga na karya: kada ka ba dabbar daji abinci da hannunka, ko sau ɗaya, ko don hoto. Daren na biyu muka bi duk wannan da ɗan abin da ya rage mana. Har gari ya waye ko motsi ba mu ji ba.

34/ Da na dawo gida na koma karatu, sai na ga ashe rabin darasin Turawan na ɗauka. Su ma suna raba wurin girki da na kwana da na ajiya. A gandun Yosemite na Amurka ma an hana rataya abinci a bishiya, don beyar ta gane dabarar. Dole sai da wani gwangwani mai kauri da ba ta iya buɗewa. Bokitin Baba ke nan.

35/ Kuma ba da sauƙi suka koya ba. A watan Agustan 1967, a gandun Glacier, beyar biyu suka kashe 'yan mata biyu masu shekara 19 a dare ɗaya, a wurare daban-daban. Dabbobin sun saba cin sharar mutane. A wani masauki a can har zuba musu ragowar abinci ake yi don baƙi su yi kallo.

36/ Bayan abin ya faru aka bi beyar da dama aka harbe. Daga nan aka fara rufe jujin shara a gandayen dajinsu, aka tsaurara dokar ajiyar abinci. Har suna da wata magana da ma'aikatan gandu ke yawan faɗa, ma'anarta beyar da aka ciyar ta gama yawo. Da na karanta wannan sai gabana ya faɗi.

37/ Bayan kamar sati biyar na haɗa kuɗin kifin, mu huɗu muka yi karo-karo, na koma ni kaɗai. Baba ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Allah, ya ɗauki rabi. Muka zauna yana gyaran koma. Na daɗe ina juya tambayar a baki kafin na ce, "Baba, ina mutumina mai guntun bindi?"

38/ Ya ce bayan tafiyarmu kullum sai ya zo. Ya rabu da garken, ya koma bin bukkoki da masu noman rani. Duk wanda ya gani da leda sai ya bi shi. Ran nan ya fizge ƙosai a hannun wata yarinya da ta kawo wa babanta abinci gona, ya yakushe ta a hannu. Washegari aka sa masa karnuka.

39/ Ban ga laifin mutanen ba. Da 'yata ce ni ma abin da zan yi ke nan. An kai yarinyar asibiti, ta warke, Alhamdulillahi. Amma birin nan shekarunsa yana wucewa ta gefen gonakin nan ba wanda ya kula shi. Gutsuren burodi biyar na jefa masa, a cikin minti goma.

40/ Kullum muna cewa a ɓoye abinci don kada dabba ta cinye mana. Namu asarar ta kwana ɗaya ce, mun dawo gari mun ci tuwo. Wanda ya biya da gaske Baba ne da kifinsa, da yarinyar da hannunta, da birin da ransa. A cikinsu babu wanda ya ga bidiyon, balle ya danna masa so.

41/ Bidiyon ya yi kasuwa kuwa, ya fi duk abin da na taɓa ɗorawa. Mutane na ta rubuta "kai, ya saba da kai!" Na sauke shi daren da na dawo daga wurin Baba. Yana nan a wayata ban goge ba. Wani lokacin nakan kalla, in ga yadda idonsa ke bin ledar.

42/ Ban ce kada ku je ba. Ku je, wallahi wurin ya cancanci gani, tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin da tsuntsaye suka cika. Ku fara gaida mai gari, in gandun za ku shiga ku nemi izinin ma'aikatansa. Ku tafi da bokiti mai murfi. Ku dawo da ledojinku gida.

43/ Kuma kafin ku ƙona data a kan yadda ake kwana a dajin Kanada, ku zauna minti goma da masunci ko makiyayin da ke kwana a wurin shekara da shekaru, ku tambaye shi me ke yawo da dare, me ke yawo da rana. Igiyar nan tawa tana wurin Baba, ya ce tana da ƙwari, da ita yake ɗaure kwale-kwale yanzu.